Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni 'yar fari ce a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi cikin Fulanin Bauchi ya san abin da hakan ke nufi. Inna, mahaifiyata, ba ta faɗin sunana. Ba ta yi mini wasa, in baƙuwa ta ce na yi kama da ita sai ta kau da kai kamar an zage ta. Kunyar ɗan fari ke nan. Kakata ta wajen uba ce ta yaye ni, a ɗakinta nake kwana, ita ke kirana. A bakin Inna kuwa ni ce "waccan". Abin yana ci mini rai ƙwarai, har nakan zauna ina tunanin ko a kasuwa aka tsinto ni.

Bayan gidanmu, wajen ganuwa, akwai kududdufi. Nan magina ke haƙar ƙasa da rani, damina ta zo ta cika ramin da ruwa kore shar, kwaɗi su yi ta damun mutane. Inna ta tsani kududdufin nan. Ruwa ne ya ci ƙaninta tun suna ruga, yana bin shanu a rafi, saboda haka da hadari ya haɗo ba ta iya zama. Ta leƙa zaure ta dawo, ta hau turmi ta duba ta saman katanga, ta sauko, ta manta da tukunya a kan wuta. Ita ta kafa mana doka. Kullum da la'asar takan tsaya a tsakar gida ta kira yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, ƙannena da 'ya'yan baffana, kowa ya amsa da bakinsa. Wanda bai amsa ba a bazama nemansa, in kuwa a bakin ruwa aka same shi ya sha tsumagiya. In layi ya zo kaina sai ta yi shiru, Kaka ta kira ni daga ƙofar ɗakinta, in amsa. Haka muka yi shekaru, babu wanda ya ga gibi a tsarin.

Shekarar da za a karɓi mulkin kai garin bai zauna ba. Maza a zaure sai gardamar siyasa, kowa kuma ya tashi gyaran gida, wai kada ranar ta same shi da katanga a zube. Da ranin nan magina suka haƙa rami mai zurfi a gefenmu na kududdufin, daidai inda muka saba shiga ruwa bai wuce gwiwa ba. Mun gan shi da idonmu, amma da damina ta rufe shi muka manta, kan yaro ai ka san shi.

Wajen ƙarshen damina Kaka ta tafi bikin suna a Zungur wurin danginta, ta bar mini amanar agwaginta. Ran nan aka yi ruwa da azahar, ya ɗauke, na duba babu agwagi. Sun bi ta rariya sun fice. Na ɗauki kara na zagaya bayan gida, na tarar da su a tsakiyar ruwa suna shan iska, shegun. Na yi kira, na yi jifa, ko a jikinsu. Sai na ɗaure zanina na shiga ta inda na sani.

Abin da ya faru a gida ƙanwata ce ta ba ni labari daga baya. Inna ta yi kiranta, kowa ya amsa, ta zo kaina ta yi shiru, babu Kakar da za ta cike. Yara suka watse, a ganinsu an gama. Inna ta ce ina waccan. Matar baffana, mai tsokanar tsiya, ta ce wace waccan, ai yaran suna da yawa, ta faɗi sunan mana a ji. Mata suka yi ta dariya. Inna ta shiga ɗakin Kaka ta fito, ta leƙa madafa, ta leƙa banɗaki, ta sake komawa ɗakin Kaka. Da ta ga akurkin agwagi wayam sai ta ja turmi jikin katanga ta hau.

Ni a lokacin ruwa ya kawo mini ƙirji. Ina jin laka tana zamewa a ƙarƙashin yatsuna, ina miƙa kara, na ɗaga ƙafa zan ƙara taku. Sai na ji sunana, cikakkensa, da ƙarfin da duk unguwa ta ji. Muryar na san ta, amma ban taɓa jin ta ɗauke da sunan nan ba. Mamaki ne ya tsayar da ni, wallahi ba tsoro ba.

"Mayar da ƙafarki. Juyo ki dube ni, ni kaɗai."

Na juyo. Tana can rabin jikinta a kan katanga, kallabi ya faɗi. Kowane taku na yi baya sai ta sake kiran sunan, har na fito kan tudu. Da na shiga gida ta zane ni, tana duka tana hawaye, babu wadda ta yi dariya. Washegari baffana ya zura gora a gaban inda na tsaya, ta shige duka bai taɓo ƙasa ba.

Daga ranar ba ta sake ba. Kaka ta dawo, kira ya koma yadda yake, ni ma na koma "waccan". Da na haifi nawa ɗan farin kuwa, sunansa nake kira gatsau a gaban kowa. Aka ce na zubar da Fulatanci, na ce a bar ni da rashin kunyata, ni na san zurfin ramin nan.

Sai da Inna ta tsufa ƙwarai, ina tsefe mata kai wata la'asar, na yi ƙarfin hali na tambaye ta me ya sa duk shekarun nan take tsallake ni.

"Ban taɓa tsallake ki ba," ta ce. "Shirun nan da nake yi, a ciki nake kiranki. Numfashina ba ya dawowa sai kin amsa wa tsohuwa."