Ranar da Anti Ta Yi Shiru

Perpetual shekararta talatin da biyu, kuma duk layinmu a Gwarinpa ba mai dafa shinkafa da wake kamar ita. Sai dai an haife ta da lalurar ƙwaƙwalwa. Ba ta iya karatu ba, in ta ɗora tukunya kuma sai ta manta. Bayan rasuwar mahaifiyarsu, sau biyu ta kusa ƙona gida. Yayarta Alice, nas ce mai fita tun safe, ta ce in aka yi na uku sai ta mai da ta ƙauyen Paikon Kore, wurin gwaggonsu. Har jaka ta haɗa. Ni maƙwabciyarsu, da shegen bakina, na ce ai gara haka. Perpetual ta ji ni, ta yi mako guda ba ta gaishe ni ba.

Alice ta sayo wata 'yar na'ura mai magana, girman gwangwanin madara, ta ajiye a kicin. Da Turanci take faɗin lokacin ɗora tukunya, lokacin dubawa, lokacin kashe gas. Perpetual ta raɗa mata suna Anti. Kullum da safe sai ta rusuna ta tambaye ta ya ta kwana. Na yi dariya har na gaji, amma wata huɗu ban ji ƙauri ba.

Wata Talata da rana aka ɗauke wuta, na'urar kuwa sai da lantarki take aiki. Da Alice ta samu labari, ta kira ni daga asibiti: "Maman Divine, abeg ki taimaka ki duba Perpetual, tukunya na kan wuta yanzu!"

Na ruga da silifas wari ɗaya. Daga ƙofar kicin na ji Perpetual ta maƙale murya irin ta na'urar, tana cewa, "Perpetual, switch off the gas." Sai ta amsa da tata muryar: "To, Anti." Ta murɗa makunnin gas ɗin, ta sunkuya ta leƙa, wutar ta mutu. Na'urar kuwa ta lulluɓe ta da zani.

"Anti ba lafiya," in ji ta. "Ni na yi mata aikinta."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Da yamma Alice ta kwance jakar nan tana hawaye. Perpetual ta kawo mini faranti cike, har ƙofata.

"Maman Divine, ki ci," ta ce. "Gobe ma zan kawo. Ina nan."