Ƙullin Da Na Sa A Tukunyar Turaren Yayata

Ina tsaye a rumfar kwastam ta tashar jirgin ruwan Jidda, jami'i ya zura hannu cikin tukunyar turaren wuta ya zaro wani ƙulli na baƙin ƙyalle, ya ajiye a kan tebur. Na san ƙullin, don ni na tura shi can ƙasa da hannuna. Shekarata ashirin da uku, direba ne ni a wani gida a Abhur, makaranta tun aji biyu na sakandare na watsar. Ni mutum ne da ba na iya jira, ko a danja sai na yi ta hon.

Yayata ce ta raine ni. Ta auri wani haifaffen Jidda mai takardar ƙasa, mutumin kirki, Hausarsa rabi Larabci. Ta shigo da bizar ziyara, suna zaune a Waziriyya a ɗaki daga katifa sai firji, suna jiran iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta fito ta hannunsa. Kayan ɗakinta kaf suna gida Sudan, kwanukan da marigayiya Innarmu ta tara mata, da gado, da keken ɗinki. Kullum na je sai ta yi zancensu. Mijin ya ce a bari takarda ta fito tukuna, kada komai ya taɓa sunanta yanzu. Ni kuwa da na samu hutu na tafi gida, sai na ce bari in ba ta mamaki. Na ɗaure kayan, na sa su jirgi daga Sawakin, na rubuta sunanta da lambar fasfonta a jikin kowane kwali, tunda nata ne.

Ranar da zan taso Gwaggonmu ta ja ni gefe ta ba ni ƙullin. Ta ce tsari ne na zaman aure, malaminta ya rubuta, a gidanmu ba a kai kayan mace babu shi, kuma kada in gaya wa kowa, in an faɗa ya karye. Na san sarai yadda ake ɗaukar laya a ƙasar nan, sihiri ne a wurinsu, babban laifi. Amma kunya ta hana ni mayar wa tsohuwa da hannu, na ce wa zai tona tukunyar turare.

Jami'in ya warware ƙyallen a hankali. Layu uku ɗinke da fata, da takarda mai zanen hatimi, da sunan Yaya da na mijinta a rubuce. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi tsorata ni. Ya kira wani, wancan ya kira wani. Suka tambaye ni na wane ne. Na tuna kafilina, maigidan da ya tsaya mini na shigo ƙasar, na tuna tawa iƙamar, sai na ji bakina yana cewa ni ɗan aike ne, ban san me ke ciki ba, ga sunan mai kaya nan a jiki. Suka rubuta, suka ce halas, an gama, in tafi, za a neme ta.

Bayan kwana huɗu aka kira ta. Ni na kai ta da mijinta a mota, tana da ciki wata biyar, tana ta tambayata ko kwanukan Inna ba su lotse ba. Da ta fito idonta ya yi ja. Mijin ya ce an nuna mata layun, ta ce nata ne. Ta kalle ni ta madubi sau ɗaya. Ta sani. Ba a tsare ta ba, amma tun ranar maganar iƙama ta tsaya cak, duk sanda mijin ya bincika sai a ce ana dubawa. Shi kuma ya daina cin abincinta, yana ganin asiri ta yi masa. Bizarta saura kwana goma sha tara ta ƙare, kayan suna can a kulle.

Masu karatu, in ana jiran takarda a jira. Kada ka sa sunan wani a kan kayan da ka ɓoye abu a ciki, kuma kada kunyar tsohuwa ta sa ka ɗauko abin da ka san ba ya tsallaka iyaka. Jiya na ajiye mota a bakin teku na tura wa mijinta wannan:

"Yaya ba ta san da layun ba, wallahi. Gwaggo ta ba ni, ni na sa, ni na yi ƙarya. Gobe ƙarfe takwas ina ƙofar gidanka, ka kai ni in faɗa musu da bakina. In korata za a yi, a kore ni. Don Allah ka ci abincinta yau."