Zanen Gawayi a Zauren Kabara

Malam Gwadabe magini ne a Kabara, ɗan magini. Ba shi da yawan magana. In ka tambaye shi ingancin aikinsa, sai ya nuna maka zauren gidan Alhaji Mahmud. Mahaifin Gwadaben ne ya ɗaga tulluwar rufin zauren da tubali da azara, shi kuma shekara talatin yana hawa kafin kowace damina yana mata yaɓen makuba. Ko ɗigo ba ta taɓa yi ba.

Wata rana Alhaji Mahmud, wanda suka yi makarantar allo tare, ya aika a kira shi.

"Malam Gwadabe, nuna min inda nauyin rufin nan ya taru. Gyara za a yi, kada masu aiki su taɓa wurin."

Gwadabe ya ɗauki gawayi, ya taka tsani, ya zana wuri huɗu a gindin bakan gizon ginin, wato lanƙwasar da ke ɗauke da rufin.

"Nan ne. In aka sare nan, duka za ta zube."

Ya tafi Bichi aikin mako guda. Da ya dawo, sai ya tarar da sararin sama a inda tulluwar take. Daidai kan zanensa aka sa diga. Rabin yini ya ishe su.

"Haba Malam, zamani ne," in ji Alhaji. "Siminti har jikoki. Ai na hutar da kai hawa."



Aka ɗora ƙubba ta kankare, aka shafa mata koren fenti. Ɓaraguzai da ragowar kwaɓin siminti aka juye a kududdufin da aka haƙi ƙasar zauren tun farko. Tun daga nan ruwan sama ya rasa inda zai kwanta sai tsakar gidajen mutane. Da bazara kuwa zauren ya koma tanda, dattawa suka kwashe tabarminsu.

A shekara ta takwas rodin ciki ya yi tsatsa, ƙubba ta tsage, ruwa na sauka kan shimfiɗar Alhaji. Da kansa ya zo gidan Gwadabe.

"Malam, ka taimaka ka hau ka duba mana."

"Ƙasa in ta tsage, jiƙa ta ake a mayar. Wannan sai guduma."

"To, ko nuna mana inda matsalar take."

Gwadabe ya ci gaba da kankare cebur ɗinsa.

"Na taɓa nuna maka, Alhaji."