Malam Badaru da Turbon Motar Dikko

Da an sallame sallar asuba, Malam Badaru bakanike ba ya komawa gida. Yakan wuce gindin dalbejiyar da ke bakin tashar Gummi, inda garejinsa yake, ya share wurin da kansa, ya jera sifanoninsa a kan buhu, sannan ya sha kokonsa. Haka muka taso muka same shi. Sai watan jiya, da kunnensa ya yi nauyi, 'ya'yansa suka matsa masa ya huta.

Yana da wata al'ada da ta kori direbobi masu gaggawa daga garejinsa. In ka kawo mota a ƙara mata ƙarfi, ko ƙusa ba zai taɓa ba sai ya shiga kun bi hanyar da take bi kullum. Wai shi ba ya sanin mota sai ya ga wahalarta.

Dikko direba shaida ne. Akori-kura gare shi, yana jigila tsakanin Gwashi da Gummi, yau buhunan gero, gobe awaki, jibi mara lafiya. Ya so a sa wa injinsa turbo, na'urar nan mai kama da dodon koɗi, wadda hayaƙin inji ke juyawa ta riƙa cusa masa iska, ƙarfinsa ya ƙaru. Ya samo wani ƙato da aka ciro daga tifar masu haƙar zinariya, ya dire shi gaban Malam Badaru yana washe baki.

Malam Badaru ya dube shi sau ɗaya ya ce, "Tada mota mu tai Gwashi."

Suka tafi, suka sha yashi da kwazazzabai, suka ƙetare mashigin rafi. A hanya kunne kawai Malam Badaru ya kasa wa injin. Da suka dawo ya ce, "Dikko, wanga ba naka ba na. Babban turbo barci garai, sai inji ya yi kururuwa kana shi falka. Kai ko hanyakka dut rarrahe ta. Ƙarami kaka so, wanda ka tashi da ka taɓa totur."

Dikko ya ɓata rai. "Baba, 'yan tasha dut manya suka sawa."

"Su bisa kwalta suka gudu. In wanga kaka so, ga gareji nan da yawa. Ni dai ba da hannuna ba."

Malam Badaru abokin marigayi mahaifin Dikko ne, don haka kunya ta hana shi ɗauke motar. Aka sa ƙaramin. Amma Dikko ya sha tsiya a tasha. Motocin abokansa kan wuce shi a kan kwalta suna fito, su kuwa suna ce masa ya sayi jaki ya huta. Daga nan gaisuwarsa ga tsohon ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Abin ya yi wa Malam Badaru zafi, mu da muke zama wurinsa mun gani, amma bai taɓa faɗa ba.

Da daminar bara naƙuda ta kama Lubabatu matar Dikko, ta yi tsanani, ungozoma ta ce sai asibitin Gummi. An yi ruwa da safe, mashigin ya zama taɓo tsantsa. A irin wannan wuri, in ka take totur taya ta yi ta juyawa ta haƙa wa kanta rami, in ka sassauta kuma injin da ba ya da ƙarfi sai ya yi kururuwa ya mutu a tsakiya. Dikko ya sa giyar farko, ya ɗora ƙafa a hankali, yana jin nishin matarsa a bayansa. Motar ta ja. A sannu ta ja, ba ta ko ɗaga murya ba, har ta hau tudu. Kafin la'asar Lubabatu ta sauka lafiya, ɗa namiji.

Da ya kawo goron suna gareji, Dikko ya durƙusa har ƙasa, ya kasa haɗa ido da tsohon. Malam Badaru ya tambayi mai jego, ya yi addu'a, sannan ya rage murya ya ce, "Motar hwa, ta ja?"

"Ta ja, Baba."

Malam Badaru, kai ne ka yarda a yi fushi da kai, da dai ka ɗaura wa mutum abin da zai yashe shi a tsakiyar rafi. Kai ne ka rasa ciniki don ba ka iya cewa "to" a inda "a'a" ta dace. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun nan ya zame maka lafiya.

Ku kuma matasan da kuka gaji sifanonin, ku riƙa shiga mota kuna bin hanyarta kafin ku zaɓa mata kaya. In wani ya ce ɓata lokaci ne, ku tura shi Gwashi gidan Dikko. Akwai yaro a can da ya fara tatata, sunansa Badaru.