Tambayoyi Uku da Inna Ta Ƙi Amsawa

Ni na zaɓi jarrabawar nan da hannuna, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Lokacin ina koyar da Turanci a wata cibiyar ilimin manya a Dutse. Aji biyu gare mu: na 'yan koyo, wanda ake shekara guda cur a ciki, da na sama, wata huɗu a ba mutum takardar shaida. Duk sabon zuwa sai an gwada shi kafin a san inda za a zaunar da shi.

Da can hira kawai nake yi da mutum. In ce ya taya mini tumatir da Turanci, ko in miƙa masa katin asibiti ya karanta. Sai shugaban cibiyar ya dawo daga wani taro da bugaggiyar jarrabawa, fes da ita, ya ce in zaɓa, ko tawa ko wannan. Ni kuwa uwar son a ce na waye, na yi caraf na ce wannan. Wallahi ko karanta ta sosai ban yi ba. Ƙa'idarta ce ta burge ni: tambayoyi uku na farko masu sauƙi ne, wanda ya kasa amsa duka ukun a tsaya nan, a tura shi ajin 'yan koyo. Na ce madalla, aiki ya ragu.

Ranar gwajin, a baranda na fara ganin ta. Dattijuwa ce siririya, Bafulatana, da mayafi ruwan toka, ta tsaya gaban allon sanarwa tana karanta wa wasu mata abin da aka rubuta, tana fassara musu. Na gaishe ta, na ce, "Inna, ai ke kin gama makaranta, me ya kawo ki?"

Ta yi dariya. Ta ce daga wani ƙauye bayan Jahun take, mota biyu ta hau. Ungozoma ce, ta fi shekara ashirin tana karɓar haihuwa. Ƙaramin asibitin garinsu zai ɗauke ta mai taimakon jinya in ta kawo takardar ajin sama kafin damina. In ba ta kawo ba, akwai wata tana jira. Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan ai an gama.

Muka shiga. Ni ke tambaya, shugaba na gefe da jan biro yana ba da maki, haka tsarin ya ce. Na buɗe shafin farko. A kan iyali ne.

Na tambaye ta da Turanci, "Yaya sunan mijinki?"

Ta sunkuyar da kai. Na maimaita a hankali, na ɗauka ba ta ji ba ne. Ta gyara mayafi, ta kalli ƙofa. Na ji biron shugaba ya yi ƙiii a kan takarda.

Na ce a raina tsoro ne, zai sake ta. Na karanta ta biyu.

"Yaya sunan ɗanki na fari?"

Wannan karon ta ɗago ta dube ni, kallon da ban gane ba a lokacin. Leɓenta ya motsa, ta fasa. Ni kuwa raina ya fara ɓaci, don ina da saurin hawa, kowa ya sani. Na saki Turanci na koma Hausa, abin da aka hana.

"Haba Inna! Ki buɗe baki mana. Yanzun nan fa na ji ki a waje kina zuba kamar rediyo."

Shugaba ya yi gyaran murya. "Malama, saura ɗaya."

Na duba ta uku, kuma kafin in furta ta na gane abin da nake yi. Na so in tsallake. Na sa yatsa a kan ta huɗu. Shugaba ya leƙo, ya nuna mini ta ukun da bakin bironsa.

"'Ya'yanki nawa?"

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan da Turancinta tsaf, kalma bayan kalma, ta roƙe ni in tambaye ta wani abu daban. Magani, ko allura, ko yadda ake yanke cibi.

Na juya wajen shugaba. "Ranka ya daɗe, ka ji ai da kunnenka. Ta iya. Kunya ce. Macen da ta taso a ruga za ta kama sunan miji da ɗan fari a gaban namiji baƙo? Ta ƙirga 'ya'yanta kamar awaki?"

Ya ce ya sani sarai, shi ma ba daga sama ya faɗo ba. Amma mutum goma sha wani abu sun wuce a kan wannan ƙa'ida tun safe, in ya karya wa ɗaya me zai ce wa sauran? Ya kuma tuna mini, a gabanta, cewa ni na zaɓa. Ni da nake faɗa da mai adaidaita a kan hanya, ni da ba a taka ni in yi shiru, sai ga shi ya turo mini takardar in sa hannu, na sa.

Na bi ta har bakin ƙofa ina magiya. Na ce, "Inna, ko sunan ƙarya ne da kin faɗa. Wa zai bincika?"

Ta tsaya tana neman takalminta da ƙafa. Babu fushi a muryarta, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

"'Yata, yaron nan shekararsa talatin da wani abu. Ranar da babur ya buge shi aka kwantar da shi a Jahun, ina tsaye a kansa ban kira sunansa ba. Sai yau, don takarda? Kuma in laƙa masa sunan wani?" Ta saka takalmin. "Ki gaida mahaifiyarki."

Ba ta dawo ajin 'yan koyon ba. A makon na yage shafin farkon, na koma hirar tumatir da katin asibiti, shugaba bai hana ni ba. Na yi ta aika saƙo ta hannun direbobin tashar Jahun, sai bayan an yi shuka amsa ta zo. An ɗauki waccan ɗin.

Ranar da abin ya faru na biya ta gidanmu da la'asar, na isar da gaisuwar. Ni ce 'yar fari. Mahaifiyata na tankaɗe a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ke wannan, miƙo mini faifan can." Na miƙa mata, na shige ɗakinta na yi kuka.