Ranar da Sekura Ta Kai Marubuci Gidan Matsar Zaitun

A garin Azazga, in ka ce za ka kantin Sekura, ba mai tambayarka wace Sekura. Ɗan ƙaramin kantin littattafai ne tsakanin mai gyaran takalma da mai gasa burodi, shekara talatin da ɗaya ke nan tana buɗe shi kowace safiya. Gadon mahaifinta ne. Da ya rasu, yayyenta maza suka ce a mai da shi shagon waya. Ta ce duk mai wannan shawara ya fara karance abin da ke ciki tukuna. Har yau ba wanda ya sake tayar da maganar.

Mace ce mai taurin kai, ba ta kuma ɓoyewa. Ba ta taɓa yabon littafin da ba ta kai ƙarshensa ba. Kowace shekara, da sanyi ya sauko daga duwatsu, sai ta zaɓi littafin labari guda ɗaya tak ta kafa a taga. Shi mutanen gari za su yi ta karantawa a gindin murhu har sanyi ya wuce. Manyan marubutan birni sun sha aiko mata da nasu, haɗe da gaisuwa mai zaƙi. Takan amsa gaisuwar, littafin kuwa ya tafi kantar baya.

Bana sai ga littafin Dda Belaid a taga. A wurinmu Dda ake ce wa babban namiji don girmamawa, babbar mace kuma Nna. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya shekara arba'in yana hawa da gangara da jakar wasiƙu a ƙauyukan kan dutse, yana karanta wa tsofaffi abin da 'ya'yansu suka rubuto daga Faransa. Da ya yi ritaya ya zauna ya rubuta labari. Sekura ta karanta a zama biyu har da hawaye, ko da yake in ka tambaye ta cewa za ta yi hayaƙin murhu ne. Ta ce masa ya zo ran Asabar ya sa wa masu saye hannu.

"Ke 'yar nan, rufa mini asiri," in ji shi. "Wa zai zo wurin mai jakar wasiƙa? In na zauna ba kowa, da wane ido zan koma ƙauye?"

"Dda Belaid, na ce za su zo. Ka taɓa jin maganata ta faɗi ƙasa?"

A nan ta tafka kuskuren da ko baƙo ba a yafe masa. Lokacin tsinkar zaitun ne, kwana goma sha biyu ana sheƙa ruwa, kowa na gida yana cizon yatsa, zaitun na zuba ƙasa. Ran Asabar gari ya waye tas. A wurinmu kuwa, in rana ta fito bayan ruwa a watan zaitun, ko ango barin amarya yake ya saɓa tsani.

Dda Belaid ya iso cikin farar alkyabbar ulu, da alƙalami har biyu. Ya zauna. Kofi ya huce, aka sake wani, shi ma ya huce. Har azahar mutum ɗaya ne ya leƙo, shi ma tambaya yake ko ana sayar da buhu. Tsoho ya rufe alƙalumansa a hankali.

"Ba komai, 'yata. Dama kowa ya san iya tsayinsa."

Maganar ta soki Sekura. Kunya ta rufe ta, ga haushin kanta. Ita ta fito da dattijo daga gidansa ta zaunar da shi gaban kujeru wayam.

"Tashi," ta ce.

"Zuwa ina?"

"Kai da ka shekara arba'in kana kai wa mutane takarda har ƙofa, yau ne za ka zauna jiran su zo?"

Ta loda kwalaye a tsohuwar motarta, suka nufi gidan matsar mai a bakin gari, inda kowa ke kai buhunansa da la'asar ya bi layi. Ta kifa akwatin zaitun ya zama tebur. Lunis mai injin matsar ya leƙo yana dariya.

"Nna Sekura, lafiya? Takarda fa ba ta ba da mai!"

"Wannan ta fi zaitun ɗinka mai, sarkin surutu. Koma bakin aikinka."

Kafin ka ce kwabo an kewaye tsoho. Ashe babu gidan da bai taɓa ƙwanƙwasa wa ƙofa ba. Hannuwa baƙi ƙirin da zaitun, ana gogewa a wando ana miƙo littafi, wannan ya ce a rubuta sunan mahaifiyarsa, wancan ya ce na ɗansa da ke ƙetare. Wani ya kawo busasshen ɓaure da sabon mai a kwano. Sai wata tsohuwa, Nna Dehbiya, ta ture maza ta matso da sandarta.

"Belaid, ka san ni ba na karatu. Kai kake karanta mini wasiƙar ɗana har Allah ya karɓe shi. To karanta mini wannan ma."

Ya buɗe ya fara, amma rugugin injin ya haɗiye muryarsa. Ya ɗaga murya, bakinsa kawai ake gani yana motsi. Lunis ya dubi layin buhuna har bakin titi, ya dubi tsohuwar, ya miƙa hannu ya kashe injin. Mutumin da ko ranar auren 'yarsa bai kashe shi ba.

Wurin ya yi tsit. Dda Belaid ya ci gaba da karatu, muryarsa ta miƙe. Sekura na tsaye can baya, ta harɗe hannuwa, alfahari ya cika mata ƙirji: da tsohon, da garinta, da kanta ma. Wani ya matso ya raɗa mata ko akwai sauran littafin a mota.

"Yi mana shiru," ta ce. "Ana karatu."