Uwar Ɓeraye da Surukarta

Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ni na laƙaba mata Uwar Ɓeraye. Tana aiki a wani ɗakin bincike inda ake kiwon fararen ɓeraye cikin akwatunan roba. Ita ke canja musu shimfiɗa, ta zuba abinci, ta wanke kwalaben ruwansu. Na taɓa ce mata, "Mu muna neman guba, ke kina raino." Ta ce, "Ke da wannan zanin naki, ko ƙofar ɗakinsu ba za a bari ki taka ba."

Ɓerayen da ciwonsu ake haihuwarsu. Wai akwai wasu 'yan ƙofofi a jikin tsoka da gishirin jiki ke bi, to nasu a lalace suka gado. In aka kwantar da ɗaya rigingine sai ƙafafunsa su sandare, ya daɗe bai juyo ba.

Ba son ɓera ya kai ta can ba. Ɗanta ɗaya ne, kuma haka yake: in ya miƙe da sauri sai ƙafa ta riƙe, ya faɗi. Uwar mijinta ta ce ruɓaɓɓen jinin gidansu ne, ta sa aka sake ta, ta kuma riƙe yaron. Shi maƙwabciyata take so a ba ta.

Wata rana likitar wurin ta gaya mata cewa a mutane ciwon kan biyo ta uwa ko ta uba, kuma mai shi in ya damƙe abu da ƙarfi, yatsunsa ba sa buɗewa nan take. Ta dawo ta zauna a ƙofata tana wani murmushi da bai yi mini kyau ba.

"Kin taɓa ganin Inna, uwar tsohon mijina, ta miƙe a gaban mutane? Kullum sai ta ce, ku yi gaba ina zuwa. Mu muna cewa ƙasaita ce."

Ta jira har ranar da dangin mijin suka cika falon tsohuwar. Na raka ta, don ba a irin wannan babu ni. Ta durƙusa har ƙasa, muryarta kamar ta saliha.

"Inna, na zo ki yafe mini. Riƙe hannuna da kyau, in san kin haƙura."

Tsohuwar ta dubi jama'a, daɗi ya kwashe ta, ta damƙe hannun kamar za ta karya shi.

"To Inna, sake ni haka nan."

Yatsu suka ƙi. Tana ja, hannun maƙwabciyata na biye da ita.

"Sake ni mana, Inna. Ko ruɓaɓɓen jinin nawa ne ya manne miki?"

Na ce, "A taimaka a ɓamɓare ta, baiwar Allah tana da aiki gobe."

Wani kawun mijin ya sunkuyar da kai ya ce mahaifinsu ma haka yake yi da ƙotar gatari.

Da yatsun suka saki, maƙwabciyata ta shiga ɗaki ta fito da yaron da jakarsa. Tsohon mijin ya buɗe baki, ta ce, "Kai ma kawo hannunka." Ya mayar da shi aljihu.

A hanya ba ta yi sauri ba. Duk inda ƙafar yaron ta riƙe, sai ta tsaya ta jira shi.